RA'AYI: Arzikin teku ba a tashar jiragen ruwa yake farawa ba

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa a watan Agustan 2023, ya kuma damƙa ta a hannun Adegboyega Oyetola, maganar arzikin teku ta samu wurin zama a tarukan Abuja. Ana lissafin kwantenonin da ke sauka a Apapa da Lekki da Onne, ana lissafin kuɗin shigar da hukumomin tashoshi ke tarawa, ana kuma nanata cewa Najeriya na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, alhali abin da take samarwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na hakan ba. Duk lissafi ne mai amfani. Sai dai ƙarƙashinsa akwai wani lissafin da da wuya ya shiga takardar da ake kai wa minista: waɗanne irin ƙananan halittu ne ke shawagi a ruwan gaɓar ƙasar, tun daga Badagry har bakin kogin Kuros Riba, kuma irin waɗanda aka gani bara su ne suke nan bana ko kuwa wasu sun maye gurbinsu?

Masana na kiran waɗannan halittu filankiton. Wani Bajamushe mai suna Victor Hensen ne ya laƙaba musu sunan a 1887, daga wata kalmar Girkanci mai nufin ɗan gararamba, domin ba su da ƙarfin yin iyo su tsallake igiyar ruwa. Inda ruwa ya nufa, can suka nufa. Kashi biyu ne manya. Akwai masu ɗabi'ar tsiro, dangin gansakuka, waɗanda ke haɗa abincinsu da hasken rana, mafi yawansu ƙwaya ɗaya tak, ba a ganin su sai da madubin kimiyya. Akwai kuma masu ɗabi'ar dabba, waɗanda ke kiwo a kan na farkon. Idan aka auna nauyin dukkan tsirran duniya, na cikin teku ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma su ke yin kusan rabin aikin haɗa abinci da fitar da iskar oksijin da ake yi a doron ƙasa, saboda saurin hayayyafarsu: zuriya guda na iya ninkawa cikin yini ɗaya ko biyu. Kuma galibin abin da ake kamowa a gaɓar teku a cikinsu yake fara rayuwa. Ƙwan kifin bonga da tsutsarsa filankiton ne, haka 'ya'yan ƙaguwa da kawa, haka jatan landen da ake busarwa a Oron a ɗura a buhu ya iso kasuwannin Wuse da Utako.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar su tamkar abu guda, wato idan ruwa ya yi kore to akwai abinci. Makiyayi ba ya yin wannan kuskure a tudu. Ya san fili na iya yin kore shar da tafasa da tumfafiya, shanu su wuni a ciki su koma da ciki a lafe, ya kuma san bambancin gamba da harkiya da burgu, da lokacin da kowacce ke amfanar dabba. Teku ma makiyaya ce, kuma abin da ke yanke hukuncin yawan kifin da za ta bayar ya haɗa da irin ciyawar da ke cikinta, da girman ƙwayoyinta, da watan da take tofowa.

A ɗauki jinsin da ake kira dayatom. Ƙwayoyi ne masu ɗan girma, kowace na zaune cikin wani ɓawo mai kama da gilashi da take ginawa da silika, sinadarin da ke cikin yashi. Girmansu ya isa a tace su kai tsaye. Kifin bonga, wanda shi ne ƙashin bayan kamun masunta masu kwalekwale a bakin kogunan Neja Delta, yana da wani rariya mai laushi a maƙoshinsa da yake tace su da shi. Haka ma wasu ƙananan ƙwarin ruwa da ake kira kofifod, masu siffar jatan lande amma ba su wuce ƙwayar gero ba, su ci dayatom, kifin sadin ya ci su. Mataki biyu ko uku ke nan daga hasken rana zuwa tukunya. To amma idan ƙwayoyin da suka mamaye ruwan ƙanana ne ƙwarai, kofifod ba ya iya kama su. Sai wata halitta ƙarama ta ci su, wata ta ci wannan, kafin abin ya iso ga kofifod. A kowane mataki kuwa kusan kashi tara cikin goma na abincin yana salwanta. Ƙarin mataki biyu kacal na nufin abin da zai kai bakin kifi ya ragu da ninki kusan ɗari, ko da launin ruwan bai sauya ba. Akwai kuma batun inganci. Man omega-3 da likitoci ke yaba wa kifin teku saboda shi, ba kifin ne ke ƙirƙirarsa ba, daga filankiton yake tara shi. Dayatom na da wadatar wani nau'insa, wani jinsin mai 'yar bulala da yake kaɗawa a ruwa yana da wadatar wani nau'in, amma shuɗiyar gansakukar da ke bunƙasa a gurɓataccen ruwa kusan babu ko ɗaya a jikinta. Tsutsar kifin da ta taso a kan irin wannan abinci, ko ta ƙoshi, ba ta yin ƙwari.

A 1961 wani masanin halittun ruwa, G. Evelyn Hutchinson, ya yi wata tambaya da ta shahara: yaya aka yi ɗaruruwan jinsuna ke zaune tare a ruwa ɗaya, suna neman haske ɗaya da 'yan sinadarai iri ɗaya, ba tare da mafi ƙarfi ya kori saura ba? Babban ɓangaren amsar shi ne ruwan ba ya tsayawa a hali guda har wani ya samu damar cinye gasar. Tafkin Legas misali ne a fili. Da damina kogin Ogun da sauran rafuka kan cika shi har ya kusa zama ruwan daɗi, sai jinsunan kogi su yi yawa. Da rani ruwan gishiri ya kutso ta mashigin tashar jiragen ruwa, sai jinsunan teku su karɓi fage. Wanda ya ja baya bai ƙare ba, yana nan kaɗan yana jiran lokacinsa. Amfanin yawan jinsuna ke nan: duk yadda gishiri ko zafi ko laka suka juya, akwai wanda zai ɗauki aikin ciyar da na sama. Manomin da ya haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ya san hikimar, ko da bai taɓa ganin teku ba.

Gaskiya ta wajabta a faɗi cewa yawan jinsuna ba shi ne yawan kifi ba a kowane hali. Gaɓar ƙasar Peru, inda ruwa mai sanyi ke tasowa daga ƙasan teku da taki a cikinsa, jinsunanta ba su da yawa idan aka kwatanta da na tsakiyar tekuna masu ɗumi, amma a 1970 an kamo kifin ancobi kimanin tan miliyan 12 a can, abin da babu wata gaɓa da ta taɓa bayarwa daga jinsi ɗaya. Shekara biyu bayan haka ɗumamar ruwan da ake kira El Niño ta zo ta tarar an riga an matsa wa kifin da kamu fiye da kima, sai masana'antar ta durƙushe, ta kuma ɗauki shekaru masu yawa kafin ta miƙe. Gajeriyar sarƙa tana bayar da yawa, amma zobe ɗaya ne ya tsinke komai ya zube. Don haka abin da ya kamata mai tsara manufa ya riƙe shi ne sanin su wane ne ke ɗauke da nauyin, da kuma ko suna da mataimaka idan suka gaza.

Wani lokaci ma sauyin ba ya nuna kansa ko kaɗan ga mai kallo daga nesa. A Tekun Arewa, tsakanin Birtaniya da Norway, akwai kofifod iri biyu 'yan gida ɗaya da sai gwani ke iya bambanta su a ƙarƙashin madubi. Ɗaya, Calanus finmarchicus, mai son sanyi ne, mai kitse, yana yawaita a farkon bazararsu, daidai lokacin da 'ya'yan kifin kod ke ƙyanƙyashewa suna neman abin ci. Ɗayan, Calanus helgolandicus, ya fi son ɗumi, kuma sai ƙarshen shekara yake yawaita. Da ruwan ya ɗumama daga shekarun 1980, na biyun ya riƙa maye gurbin na farko, 'ya'yan kod suka riƙa fitowa suna tarar da akushi babu komai. Binciken da Grégory Beaugrand da abokan aikinsa suka wallafa a 2003 ya nuna yadda wannan musanya ta haɗu da yawan kamu wajen karya garken kod na yankin. Kod ɗin nan ba baƙo ba ne a Najeriya: danginsa na arewacin Norway ne ake busarwa a kawo a matsayin okporoko, kuma su ma a kan wannan kofifod mai son sanyi 'ya'yansu ke tasowa.

Kusa da gida, Ghana na da labari mai kama da wannan. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi kan taso a gaɓar Ghana da Kwaddibuwa, tare da shi wani kofifod mai suna Calanoides carinatus yake bayyana da yawa, kifin sadin ya yi ta kiwo a kansa. Idan ruwan ya koma ɗumi sai ya nutse can ƙasa ya jira wata shekara. Masu binciken kamun kifi na Ghana sun yi ta ɗibar samfur a gaɓar Tema daga 1969 zuwa 1992, kuma da aka zauna aka nazarci abin da suka tara, an ga yawan filankiton masu ɗabi'ar dabba yana raguwa a lokacin da zafin saman ruwan ke ƙaruwa. Kamun sadin na Ghana ya faɗi ƙwarai tun daga ƙarshen shekarun 1990, kuma babban laifin na yawan kwalekwale ne da manyan jiragen da ke sharar ƙananan kifaye. Amma saboda suna da wancan tarihi a rubuce, masanan Ghana na iya zama da minista su ce masa ga rabon kamu, ga rabon yanayi. Wanda bai auna ba, sai dai ya yi zato.

Gaɓar Najeriya ba ta da wannan tasowar ruwan sanyi mai ƙarfi. Abincinta daga tudu yake zuwa, ta bakin koguna da dazuzzukan fadamar gishiri na Neja Delta, waɗanda babu kamarsu girma a Afirka. A nan ne maganar ta shafi wanda ke zaune nesa da teku. Gulbin Sakkwato da na Kaduna a Neja suke zuba, Gongola a Binuwai, ruwan Usuma da Abuja ke sha ya faɗa Gurara, Gurara ya faɗa Neja, dukkansu su haɗu a Lokoja su gangara. Takin zamanin da ruwan sama ya wanke daga gonar shinkafa a Kebbi, da dattin magudanun biranen da ke kan hanya, ƙarshensu bakin teku. A kan waɗannan koguna kuma akwai madatsun Kainji tun 1968, da Jebba, da Shiroro, da Zungeru, ga Lagdo a Kamaru a kan Binuwai. Madatsa tana tsayar da ruwa, laka ta kwanta, dayatom na ruwan daɗi su tsiro a tafkin su zuƙe silika su nutse da ita. Takin zamani kuwa naitirojin da fosfaras yake ƙarawa, ba ya ƙara silika. Idan aka haɗa biyun, ruwan da ke isa teku yana zuwa da abincin kowa ban da na dayatom.

An ga hakan a Turai. Bayan kammala madatsar Iron Gates a kan kogin Danube a farkon shekarun 1970, wani bincike da aka wallafa a 1997 ya nuna silikar da kogin ke kai wa Baƙin Teku ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku, jinsunan da ba sa buƙatar silika kuma suka yawaita a bakin kogin. Daga baya wasu masana sun ce madatsa guda ba ta isa ta ɗauki laifin duka ba, sai an haɗa da sauran madatsun da ke sama, amma ba su musanta sauyin ba. Babu mai hankalin da zai ce a rushe Kainji saboda dayatom, ko a hana manomi taki a ƙasar da abinci ke tsada. Abin da ake cewa shi ne Ma'aikatar Lantarki da ta Albarkatun Ruwa da ta Noma suna yanke shawarwarin da ke sauya abincin teku, ba tare da fayil ɗin ya taɓa biyawa ta teburin wanda aka ɗora wa alhakin tekun ba.

Har ƙurar hunturu tana da hannu a ciki. Kaso mai yawa na hazon da ke rufe Abuja a Disamba da Janairu daga kwarin Bodélé na ƙasar Chadi yake tasowa, tsohon gindin wani babban tafki da ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce, kuma farar ƙasar wurin galibinta ɓawon dayatom ne da suka rayu a tafkin. Iska ta kwashe ta, ta zuba wani kaso a Tekun Atlantika, inda ƙarfe da fosfaras ɗin da ke cikinta ke zama taki ga filankiton masu rai. Ƙurar da direba ke gogewa a gilashin motar ofis da safe, gawar filankiton ce a kan hanyarta ta zuwa ciyar da 'yan uwanta.

Idan taki ya yi wa ruwa yawa, abin da ke biyo baya sananne ne. Jinsi ɗaya ko biyu su yi bunƙasar da ta fi ƙarfin masu cin su, su mutu su nutse, ƙwayoyin da ke ruɓar da su su zuƙe oksijin ɗin ƙasan ruwa, duk abin da ba ya iya gudu ya shaƙe. A mashigin tekun Mexico, inda kogin Mississippi ke zuba takin gonakin masarar Amurka, irin wannan mataccen yanki ya kai murabba'in kilomita fiye da 22,000 a 2017. A Tekun Larabawa, daura da Oman, wata halitta mai suna Noctiluca ta riƙa ture dayatom a lokacin sanyi tun farkon shekarun 2000, kuma kifi ba ya son ta, sai jelifish da makamantansa. Wasu jinsunan kuma dafi gare su. A 1987 mutum fiye da ɗari sun kwanta a Kanada, uku suka rasu, bayan cin katantanwar ruwa daga tsibirin Prince Edward da ta tara dafin wani jinsi. Abin lura, jinsin nan dayatom ne, wato ko cikin dangin kirki akwai ɓata-gari. Wanda ya san yawan kawa da sauran masu ɓawo da ake ci a Fatakwal da Kalaba da Legas ya san wannan ba labarin nesa ba ne.

Hanya mafi sauri ta sauya jinsunan gaɓa kuwa ita ce jirgin ruwa, wato ainihin abin da ake murnar ƙaruwarsa. Jirgin da ya sauke kaya yakan ɗebi ruwa ya cika tankunansa don daidaita nauyi, ya je wata nahiya ya zubar, da duk abin da ke cikinsa. Ta haka wata halitta mai yauƙi, Mnemiopsis leidyi, ta baro gaɓar Amurka ta shiga Baƙin Teku a farkon shekarun 1980. Ta tarar da ruwa da taki ya riga ya lalata, manyan kifaye kuma an kame su, sai ta hau cin kofifod da ƙwan kifi babu mai hana ta. Zuwa 1989 da 1990 kamun ancobi ya rushe a Turkiyya da ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyat. Sauƙi bai samu ba sai da wata baƙuwar, Beroe ovata, mai cin ta farkon, ta iso wajajen 1997, ita ma bisa dukkan alamu a cikin tankin jirgi. Yarjejeniyar duniya kan wannan ruwa an amince da ita a 2004, ta fara aiki a Satumbar 2017, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka rattaba hannu da wuri, aikin tabbatar da ita yana wuyan NIMASA. Jirgin dakon ɗanyen mai ko iskar gas da ya zo lodi a Bonny ko Escravos fanko yake zuwa, ma'ana cike da ruwan wata gaɓar. Duba takardar shaidar jirgi abu ne mai kyau, amma ba za a gane baƙo ya shigo ba sai an san 'yan gida.

A farkon 2020 matattun kifaye, galibinsu kuroka, suka yi ta fitowa a gaɓar Delta da Bayelsa da Ribas da Akwa Ibom har tsawon makonni. Al'ummomin yankin sun zargi kamfanonin mai, kuma tarihin malalar mai a Bodo da rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan Ogoni na 2011 sun ba su dalilin zargi. Hukumar NOSDRA ta ce gwajinta bai nuna ɗanyen mai ba, ta karkata ga gubar da ake zubarwa a ruwa. Mutane da yawa ba su gamsu ba, maganar kuma ta mutu ba tare da an rufe ta ba. A ƙasashen da ke da tsarin sa ido, tambayoyin farko a irin wannan hali su ne: wane jinsi ne ya yi yawa a ruwan makonni biyu kafin kifin ya fara mutuwa, nawa ne oksijin a ƙasa, kuma yaya wannan watan yake a shekaru goma da suka gabata? Samfurin da aka ɗiba bayan gawa ta iso gaɓa ba ya amsa su. Rashin amsar yana cutar masunci da ke neman diyya, yana cutar kamfanin da wataƙila ba shi da laifi a wannan karon, yana kuma cutar gwamnati, domin duk abin da ta faɗa za a ce rufa-rufa ce.

Za a ce ƙasar da ke fama da tsadar abinci da rashin tsaro ba ta da sukunin ƙirga ƙwayoyin da ido ba ya gani, kuma matsalar masunta a yau ita ce tsadar man injin, da 'yan fashin ruwa, da manyan jiragen da ke kutsawa yankin da doka ta keɓe wa masu kwalekwale. Duk gaskiya ne, kuma babu adadin madubin kimiyya da zai kori jirgin ɓarayin kifi. Amma hujjar tsadar abinci a gefen aunawa take tsaye. Kowane tan na kifin ƙanƙara da ke isa kasuwar Kado da dala aka sayo shi, kuma duk shirin rage shigo da shi ya ginu ne a kan zaton cewa ruwan gida zai iya bayar da ƙari. Idan za a ba da lasisin ƙarin jirage, ko rancen injuna ga masunta, ko a kafa kejin kiwon kifi a tafkunan gaɓa, tambayar ko makiyayar za ta ɗauki garken ba ƙawa ba ce. Kuɗin amsa ta kuma bai kai na kilomita ɗaya na babbar hanyar Legas zuwa Kalaba ba, hanyar da ita kanta za ta ratsa fadamun da ake magana a kansu.

Ba daga sifili za a fara ba. Cibiyar Binciken Teku ta Najeriya, NIOMR, tana Victoria Island tun 1975, tana kuma da jirgin bincike, RV Bayagbona. Malaman Jami'ar Legas sun shafe shekaru da dama suna rubutu kan filankiton na tafkin Legas, akwai Cibiyar Nazarin Teku a Jami'ar Kalaba, akwai masana a Fatakwal da Uyo. Matsalar ita ce yawancin ayyukan tsawonsu tsawon digiri ne: ɗalibi ya ɗibi samfur shekara ɗaya ko biyu a rafin da kuɗin aljihunsa ya kai shi, ya kammala, zaren ya yanke. Akwai kuma wata taska da aka manta da ita a Abuja. Tun da dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta fara aiki, rahotannin manyan ayyukan mai da tashoshi a gaɓa kan zo da jadawalin filankiton da aka samu a wurin, da kwanan wata. Ingancinsu ya bambanta, wasu ma ana zargin kwafe ne daga rahoton baya, amma tattara su wuri guda a tace su aiki ne da umarnin babban sakatare ɗaya da 'yan ma'aikata ƙalilan za su iya farawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsarin kasafin kuɗi. Tsarin ya iya sayen abu: jirgi, gini, na'ura, abin da za a yanke masa kintinkiri a ɗauki hoto. Bai iya biyan man kwalekwale da kwalaben samfur da alawus ɗin mai ɗiba a ranar Talatar farko ta kowane wata har shekara talatin ba. Sa ido kan filankiton kuwa irin aikin nan ne da darajarsa ke cikin rashin yankewa. Shekara uku a jere da giɓin shekara biyu a tsakiya kusan asarar duka ne. Muddin aka jefa shi cikin manyan ayyuka, ranar da sakin kuɗi ya tsaya a kashi talatin cikin ɗari shi ma ya tsaya. Wurinsa yana cikin kuɗin gudanarwa na yau da kullum, da layinsa na kansa, ko kuma a ɗora shi a kan wani ɗan kaso na kuɗin da NIMASA da Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ke karɓa daga jiragen da su ne ke kawo haɗarin. Tashoshi goma zuwa goma sha biyu a bakin manyan koguna da tashoshin lodi, hanyar ɗiba iri ɗaya, sakamako a buɗe ga kowa a intanet. Sai kuma mutane: gwanin da ke iya duban madubi ya ambaci sunan jinsi shekaru ake yi ana horar da shi, kuma idan ya yi ritaya ba a maye gurbinsa da sanarwar ɗaukar aiki ta mako biyu. TETFund na iya ɗaukar nauyin wannan ba tare da an kafa sabuwar hukuma ba.

Masu son na'ura za su nuna tauraron ɗan Adam. A Fabrairun 2024 hukumar NASA ta harba PACE, wanda ke iya bambanta manyan rukunan filankiton ta launin ruwa, bayanansa kuma kyauta ne, hukumar NASRDA da ke kan hanyar filin jirgin Abuja na iya sauke su. Sai dai gajimare kan rufe gaɓar Najeriya galibin damina, hazo ya rufe ta da hunturu, laka kuma tana rikita launin ruwa a bakin kogi. Dole wani ya jiƙa hannunsa.

Hanya mafi araha tsohuwa ce. A 1931 wani Baturen Ingila, Alister Hardy, ya fara roƙon jiragen kasuwanci su riƙa jan wani akwatin ƙarfe a bayansu. Ruwa na shiga ta wata 'yar ƙofa, ƙyallen siliki da ke naɗewa a hankali yana tace abin da ke ciki, a ƙarshen tafiya a kai ƙyallen ɗakin bincike a yanka shi gunduwa-gunduwa a ƙirga. Ba a sayi jirgi ba, ba a ɗauki matuƙi ba. An ma taɓa jan irin wannan akwati a mashigin tekun Gini a shekarun 1990, ƙarƙashin wani shirin haɗin gwiwar ƙasashen yankin, ya tsaya da shirin ya ƙare. Jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Legas da Onne, da masu kai kaya rijiyoyin mai na cikin teku, suna bin hanya ɗaya kowane mako, abin da aikin ke buƙata ke nan. Daga wannan akwati ne aka samo labarin kofifod biyu na Tekun Arewa. A ƙarshen shekarun 1980 hukumar da ke ba da kuɗin bincike a Birtaniya ta yanke shawarar rufe aikin, bisa ganin cewa ƙirga ce kawai ta yau da gobe, sai da aka kafa gidauniya a 1990 aka ceto shi. Da aka waiwayi ƙyallayen daga baya, sai aka ga babban juyin da ya sauya Tekun Arewa ya auku ne wajajen 1988, daidai lokacin da takardar rufewar ke yawo tsakanin ofisoshi.